Hannayen da ke bayan likitan ido: wa zai horar da su a ƙasar Haɗejiya?

Duk ranar da aka yi shelar aikin ido kyauta a Haɗejiya, kafin rana ta ɗaga harabar asibiti ta cika. Tsofaffi ne mafi yawa, daga Guri da Kirikasamma da Birniwa da ƙauyukan Auyo, kusan kowa da ɗan jagoransa riƙe da bakin sanda. A yi kwana uku ko huɗu ana aiki, mai ɗaukar nauyi ya zo a ɗauki hoto, da yamma a ji a rediyo cewa mutum ɗari kaza sun amfana. Wannan alheri ne, babu mai musu. Sai dai akwai wani lissafi da ba kasafai ake karanta shi a rediyo ba: cikin waɗanda aka buɗe wa bandeji, mutum nawa ne bayan mako shida suke iya zare tsakuwa daga shinkafa, ko su gane fuskar jika daga ƙofar zaure?

Amsar wannan tambaya ba a hannun likita kaɗai take ba. Cire yanar ido, wurin wanda ya ƙware, aikin minti 10 ne zuwa 15. Amma waɗannan mintoci suna zaune ne a kan aikin awanni da wasu suka yi kafin likita ya sa safar hannu, da wanda za su yi bayan ya cire ta. Akwai mai auna ido, da mai wanke kayan aiki ya turara su, da mai miƙa wa likita, da mai gyara na'ura, da mai bin majiyyaci har gida. Ba a sanin sunayensu, ba sa fitowa a hoto, kuma idan ana rabon kuɗin horo su ake tunawa a ƙarshe.

Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, wato mutum kusan miliyan 1.13 a lokacin. Yanar ido ce ta haddasa kashi 43 cikin 100 na wannan makanta, kuma kashi 84 cikin 100 makanta ce da za a iya karewa ko a warkar. Arewa maso Gabas da Arewa maso Yamma suka fi kowa ɗanɗana kuɗarsu, ƙasar Haɗejiya kuwa a kan iyakar shiyyoyin biyu take. Binciken ya kuma tono wani abu da ya kamata ya hana mu barci. Fiye da ido 4 cikin kowane 10 da aka taɓa saboda yana, ba a asibiti aka taɓa su ba; masu yawo gari-gari ne suka soka tsinke suka ture yanar ta faɗa can cikin ido. Kusan uku cikin huɗu na irin waɗannan idanu sun ƙare a makance.

Mai tsinke yana samun kasuwa ne saboda yana zuwa har ƙofar gida, yana jin yaren mutane, yana karɓar kaza ko tiyar gero. Yana kuma samun kasuwa duk lokacin da wani ya je asibiti ya dawo ido a lalace. Tsoho ɗaya da aka yi wa aiki ido ya ruɓe ya isa ya hana ƙauye guda zuwa asibiti shekara da shekaru.

Kafin a kwanta a gadon tiyata

Aikin mataimaki yana farawa ne tun a layi. Shi zai auna hawan jini da sukari, domin mai sukarin da ya yi sama raunin idonsa ba ya warkewa da wuri. Shi zai duba ko ido ya yi ja ko yana kwantsa, ya danna lungun ido ta gefen hanci ya ga ko ruwan ƙazanta zai fito. Idan ya fito, wannan ido ba na yau ba ne, ko da mai shi daga Baturiya ya taso tun jiya. Sallamar tsohon da ya sayar da akuya ya yi kuɗin mota ba ƙaramin abu ba ne, kuma a nan ake gane wanda aka horar da wanda aka ɗauko don cike gurbi. Na farko zai zauna ya ce, "Baba, a yi haƙuri, idan aka yanka shi a haka za a rasa shi gaba ɗaya, ga magani, ga ranar dawowa." Na biyu zai ji tausayi ya tura shi ciki.

Sai awo. Idan aka cire yana, madubin cikin ido ne gaba ɗaya ake cirewa, a sa na roba a gurbinsa, dabarar da wani likitan Ingila, Harold Ridley, ya fara a 1949. Madubin robar nan lamba-lamba ne, kowane ido da nasa. Ana gano lambar ne ta auna tsawon ƙwayar ido da lanƙwasar gabanta da na'urori biyu. Kuskuren milimita ɗaya tak a awon tsawo yana karkatar da lamba da kusan maki uku, wanda ya isa mutum ya tashi daga gadon tiyata yana ganin duniya dishi-dishi har sai ya nemi tabarau mai kauri. Mai awon da ya danna na'ura a kan ido fiye da ƙima ya rage tsawon ke nan ba tare da ya sani ba. Inda babu mai awo ko na'urar ta mutu, sai a ɗauko lamba ɗaya a sa wa kowa. Likita ya yi aikinsa tsaf, amma sakamakon ya tashi a rabi.

Daga nan a tambayi majiyyaci sunansa da bakinsa, a tambaye shi wane ido za a yi, a duba kati, a yi alama da alƙalami a saman girar wannan ido. Abin kamar wasa. Amma a layin da ke da Hauwa biyar da Muhammadu bakwai, wasu ba sa ji sosai, wasu Fulatanci ko Barbarci ko Badanci ya fi zama a bakinsu, musayar kati abu ne mai sauƙi. Saboda irin wannan ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takardar binciken tiyata a 2008, wadda ake karantawa da ƙarfi kafin a taɓa majiyyaci.

A ɗakin wanke kaya

Idan kana son sanin ko wurin aikin ido na ƙwarai ne, kada ka tsaya a ɗakin tiyata, leƙa ƙaramin ɗakin da ke bayansa. A nan wani yake tsaye gaban kwano da buroshi mai laushi da sirinji.

Cikin kayan aikin yana akwai wani siririn bututun ƙarfe mai hanya biyu, ɗaya tana zuba ruwa cikin ido, ɗaya tana tsotso ragowar yana. Raminsa bai kai kaurin tsinken tsintsiya ba. Da zarar an gama da majiyyaci, dole a tura tataccen ruwa ta cikinsa sau da yawa nan take, kafin ragowar yanar da wani ruwa mai yauƙi da ake sa wa ido lokacin aiki su bushe a ciki. Idan suka bushe, ko an dafa bututun ba za su fita ba, sai dai su narke a idon mai bi. Idan kuma aka wanke da sabulu ba a ɗauraye sosai ba, ɗan abin da ya maƙale ya isa ya sa ido ya kumbura ya yi hazo cikin kwana ɗaya ko biyu, alhali babu ƙwayar cuta ko ɗaya. Ruwan rijiyar burtsatse, duk haskensa, yana barin gishiri a jikin ƙarfe, don haka ɗaurayar ƙarshe sai da tataccen ruwa.

Bayan wanki sai tukunyar turara kaya. Ƙa'idarta a bayyane take: zafin digiri 121 na aƙalla minti 15, ko digiri 134 na minti 3, kuma ba a fara ƙirga lokaci sai tururi ya kori iska ya kai wannan zafi. Ana manna wani tef a jikin ƙunshin da ke sauya launi idan zafi ya ratsa shi. To, ga layi ya kai bakin ƙofa, faranti uku kacal na kayan aiki ake juyawa, wuta ta ɗauke ana tsakiyar turarawa, mai janareta ya tafi sayo mai, likita yana kira daga ciki. Abin da wannan ma'aikaci zai yi a wannan minti shi ne dukkan darasin. Ko ya sake turarawa daga farko kowa ya jira, ko ya tsoma kayan cikin wani ruwan magani ya miƙa. Mutanen Haɗejiya da suka kwana suna cika buhuna da yashi a ambaliyar 2020 da ta 2022 sun san yadda jinga take: ko ta kai tsawon kilomita nawa, ta wurin da aka yi sakaci guda ɗaya ruwa yake cin gari.

Ƙwayar cuta idan ta shiga cikin ƙwayar ido takan bayyana ne bayan kwana uku zuwa bakwai, lokacin da baƙin likitoci sun riga sun naɗe kayansu. Kuma ba ta cika kama mutum ɗaya ba, domin kwalbar ruwa ɗaya ko faranti ɗaya ne ya zaga kowa. A watan Nuwamba na 2021, a garin Muzaffarpur na jihar Bihar a Indiya, an yi wa mutum 65 aikin yana a rana ɗaya. Cikin kwanaki kaɗan sai da aka ƙwaƙule idanun fiye da goma daga cikinsu saboda ruɓa. Indiya ba ta rasa ƙwararrun likitocin ido ba. Abin da ya karye a irin wannan rana tsarin tsafta ne.

Abin mamaki, a Indiyar ne kuma ake samun misalin da ya fi kowane. Asibitin Aravind, wanda Dakta Govindappa Venkataswamy ya buɗe a Madurai a 1976 da gado 11, ya gina ƙarfinsa ne a kan 'yan matan karkara da suka gama sakandare. A ɗauko su, a horar da su shekara biyu, kowace a kan fanni guda: wannan awo, wannan ɗakin tiyata, wannan yi wa majiyyaci bayani. Likita yana zaune tsakanin gado biyu; yana gamawa da na dama, an riga an shirya na hagu, an wanke idon da ruwan aidin mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, an lulluɓe, kaya na jere. Da haka likita ɗaya yake yin aiki wajen 2,000 a shekara. Wani nazari da suka wallafa a 2017 kan aiki sama da 600,000 ya nuna ruɓar ido ta sauka daga kusan 7 cikin 10,000 zuwa 2 cikin 10,000 bayan sun fara tura maganin kashe ƙwayoyin cuta can cikin ƙwayar ido a ƙarshen aiki. Sun iya faɗin haka ne domin akwai masu rubuta sakamakon kowane ido, kuma wannan ma aikin mataimaka ne.

Akwai darasi guda da ya fi wuyar koyarwa a ƙasarmu. An tarbiyyantar da mu kada yaro ya katse babba, kada ƙaramin ma'aikaci ya gyara wa likita. Tarbiyya ce mai kyau a zaure, amma a ɗakin tiyata tana makantarwa. Yarinyar da ta ga hannun rigar likita ya goga bakin faranti dole ta iya cewa, "Likita, a dakata, a sauya wannan," kuma likitan ya sauya ba tare da ya harare ta ba. Horon da bai haɗa da likitocin kansu ba, ya koya musu karɓar wannan magana, bai cika ba.

Inda nas ce mai wuƙa

A ciwon amosanin ido kuwa, ma'aikacin jinya ba mataimaki ba ne, shi ne mai yin aikin. Jigawa na cikin jihohin da wannan ciwo ya yi wa katutu. Yana yaɗuwa ne tsakanin yara ta hannu da tsumma da ƙudan da ke sauka a fuska, ƙudan da ke ƙyanƙyasa a bayan gidan da aka yi a fili. Kamuwa a kai a kai tun ƙuruciya tana sa cikin fatar ido ya yi tabo, tabon ya ja fatar ciki, gashin ido ya koma yana gogar baƙin ido duk ƙiftawa. Mata sun fi maza kamuwa da wannan mataki kusan ninki biyu, saboda su ke ɗauke da yara. A ƙauyuka za ka ga tsohuwa da ɗan hantsaki a ƙulle a bakin zane, tana ba jika ya tsige mata gashin. Bayan 'yan kwanaki ya sake tsirowa, ya fi na da kaifi.

Maganinsa ƙaramar tiyata ce ta kamar minti 20, a tsaga fatar ido a juyo bakinta waje a ɗinke. Tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da shirin kawar da ciwon a 1998, a kan ƙafa huɗu, wato tiyata, magani, wanke fuska da tsaftar muhalli, aka amince cewa ma'aikatan jinya da aka horar ne za su ɗauki nauyin tiyatar, don likitoci ba za su taɓa isa ba. A Jigawa ƙungiyoyi irin su CBM da HANDS sun daɗe suna aiki da ma'aikatar lafiya a wannan fage. Gana ta kawar da ciwon a matsayin matsalar al'umma a 2018, Gambiya a 2021, Mali da Benin a 2023, kuma a ko'ina hannun nas-nas ne ya yi yawancin ɗinkin.

Sai dai aikin yana da tarko: idan tsagar ta gajarta ko ɗinkin bai daidaita ba, gashin yakan koma ciki. Wani gwaji da aka yi a Habasha kan mutum 1,000, aka wallafa a 2016, ya kwatanta hanyoyi biyu na yin tiyatar. Bayan shekara ɗaya, gashi ya dawo wa kashi 13 cikin 100 a hanya ɗaya, kashi 22 a ɗayar. Saboda haka yanzu ba a barin ɗalibi ya fara koyo a kan idon mutum. Akwai wani kan mutum-mutumi mai suna HEAD START, mai fatar ido ta roba da ake cirewa a sauya. Ɗalibi ya yanka ya ɗinke, malami ya ciro fatar ya duba ta ciki da waje ya nuna masa inda ya kauce. Sai hannunsa ya faɗa sannan a kai shi gaban majiyyaci, malami na tsaye a kansa. Wanda ya samu shaida ma, idan ya yi watanni bai yi aiki ba hannu yakan yi sanyi, dole a riƙa bibiyarsa.

Fadama da damina

Abin da ya bambanta ƙasar Haɗejiya da sauran wurare shi ne ruwa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar kogin ta sauya, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ambaliya ta koma faɗa wa inda ba a saba ba. Daga Agusta zuwa Oktoba akwai garuruwan Guri da Kirikasamma da Auyo da sai da kwalekwale. Wanda aka yi wa aiki ana so a gan shi washegari, a sake ganinsa bayan mako ɗaya ko biyu, sannan bayan mako shida. Tsohon da idonsa ya fara zafi a dare na huɗu, ruwa ya raba shi da titi, ba likitan Kano ne zai cece shi ba. Ma'aikacin lafiyar da ke ƙaramin asibitin garinsu ne, idan an koya masa ya bambanta jan ido na yau da kullum da wanda ke bukatar a tashi mota a daren.

Haka lokacin girbi. Ganyen shinkafa ko ƙaiƙayi ya karci baƙin ido, manomi ya sa kwalli ko ruwan wani ganye, ko ya sayi ɗigon da ke kwantar da ja a kemis, bayan mako guda fari ya rufe idon. Ma'aikacin da ya san ya ɗiga launin gwaji ya haska tocila zai ga karcewar tun ranar farko.

Na'urori ma suna jin fadama. Laimar damina tana sa fumfuna ta tsiro a kan gilasan madubin tiyata, ƙurar hunturu ta shige ko'ina, wutar da ke hawa da sauka ta ƙone ƙwai. Sau da yawa na'urar miliyoyin naira takan zama a lulluɓe a lungu saboda abin da bai kai kuɗin buhun shinkafa ba, don babu wanda aka koya wa buɗe ta.

Ina za a samo su?

Ma'aunin da shirin kawar da makanta na duniya ya sa wa ƙasashen Afirka shi ne likitan ido 4 da ma'aikatan jinyar ido 10 ga kowane mutum miliyan ɗaya. Jigawa tana da mutum miliyan 4.36 a ƙidayar 2006, yanzu ana hasashen ta haura miliyan 7. Kowa ya yi lissafin da kansa: likita 28 da ma'aikatan jinya 70, ban da masu awo da masu gyara da masu wanki.

Wuraren koyo suna nan. Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa da dokar 1979, tana da makarantar da nas mai shaida ke ƙaro ilimin jinyar ido. Asibitin ido na ECWA da ke Kano yana aiki tun 1943, ga asibitin Makka na gidauniyar Al-Basar. A cikin jiha akwai kwalejin jinya a Birnin Kudu da reshenta a Haɗejiya, da kwalejin kimiyyar lafiya a Jahun, sannan tun 2014 Najeriya ke da manufar miƙa wasu ayyuka ga ƙananan ma'aikatan lafiya da aka horar. Abin da ya rage shi ne a ɗinke waɗannan wuri guda.

A ganina, a fara da zaɓen mutum. A ɗauko 'ya'yan ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗejiya, musamman mata, waɗanda iyayensu da gonakinsu ke nan, domin wanda aka turo daga nesa yana sauka yake fara neman canji. A tura su inda ake aikin ido kullum su yi watanni hannu cikin aiki, ba bitar kwana uku a otal ba. Idan sun dawo a bar su a sashen ido. Babu asarar da ta kai a horar da nas shekara guda a Kaduna sannan a jefa ta ɗakin haihuwa don cike jadawali. A ba mai wanki da mai awo matsayi a tsarin albashi, da hanyar ƙarin girma. Masu hannu da shuni da 'yan siyasar da ke ɗaukar nauyin aikin ido kuma, cikin kuɗin kowane zagaye su ware na horar da mutum biyu da sayen ƙarin faranti na kayan aiki, su kuma nemi a kawo musu sakamakon mako shida a rubuce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da sa ma'auni: aƙalla ido 80 cikin 100 su gani da kyau bayan aiki, waɗanda suka lalace kada su kai 5.

Kai kuma mai karatu, idan za ka kai mahaifi ko mahaifiya aikin ido, tambayi ko an auna lambar madubin da za a sa, tambayi wa za ka nema kuma a ina bayan baƙi sun tafi, ka karɓi lambar wayarsa. Kada a sa komai a idon sai ɗigon da aka bayar, da hannu wankakke. Idan ido ya fara zafi mai tsanani, ko gani ya ragu bayan ya fara washewa, ko fatar ido ta kumbura tana kwantsa, kada a jira ranar da aka rubuta a kati. A koma asibiti a ranar, ko da kwalekwale ne.